Yadda Ake Zuwa Kallon Namun Daji a Yankari, Mataki-Mataki

Duk lokacin da hutu ya ƙarato, tambayoyin nan ne ke dawowa: ta ina ake shiga Yankari, nawa mutum zai tanada, kwana nawa ya isa, kuma wai da gaske ana ganin giwa? Akwai kuma masu ƙorafi, waɗanda suka je suka dawo suna cewa ban da gwaggon biri da mugun dawa ba su ga komai ba. In ka bi diddigin tafiyarsu, kusan kullum labarin ɗaya ne. Sun je da damina, ko sun isa da tsakar rana, sun yi zagaye ɗaya cikin surutu, sun yi wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki, sun kama hanyar gida. Yankari ba gidan zu ba ne. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244 a ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, kuma dabbobin cikinsa harkar gabansu suke yi. Abin da ke haɗa ka da su shi ne watan da ka zaɓa, da sa'ar da ka fita, da iya kame bakinka.

1. Zaɓi watan tafiya

Wannan matakin ya fi duk sauran nauyi, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ruwa ne ke juya rayuwar dajin. Kogin Gaji ya ratsa tsakiyar Yankari, kuma ba ya ƙafewa ko da rani, domin maɓuɓɓugai irin su Wikki suna zuba a cikinsa. Da damina kowane kwari yana da tafkinsa, don haka giwa da ɓauna ba su da dalilin zuwa bakin kogi, sai su bazu cikin daji, wasu ma har su leƙa gonakin ƙauyukan gefe. Ga ciyawa ta fi tsawon mutum, hanyoyin ciki sun yi laka. Daga Mayu zuwa Oktoba za ka ga daji kore shar, amma dabbar da ke taku ashirin daga gare ka ba za ka gan ta ba.

Daga Disamba zuwa Janairu yanayi ya fi daɗi ga jiki. Ciyawa ta bushe, akwai sanyin hunturu, sai dai hazo yana rage hangen nesa kuma yana dusashe hoto. Lokacin da ya fi kowane kyau shi ne daga ƙarshen Fabrairu zuwa ƙarshen Afrilu. Tafkuna sun ƙafe, itatuwa sun zubar da ganye, dole kowace dabba ta gangaro Gaji ta sha.

Gargaɗi: watannin da suka fi kyau su ne suka fi zafi. A Maris da Afrilu zafin rana yana kaiwa digiri 40, wani lokaci ya haura. Mai tafiya da tsofaffi, ko jarirai, ko mai hawan jini, ya zaɓi Fabrairu. Idan kuma azumi ya faɗo a bazara, a tsaya ga zagayen safe kaɗai.

2. Yanke kwanaki, ka kama ɗaki tun kana gida

Kwana biyu shi ne mafi ƙaranci. Lissafin haka yake: ka isa ranar farko ka yi zagayen yamma, rana ta biyu ka yi na safe da na yamma, rana ta uku ka yi na safe ka tafi. Fita huɗu ke nan. Mai zuwa ya koma a yini ɗaya ya ba kansa dama guda tak, kuma yawanci a sa'ar da ta fi muni.

Masauki yana sansanin Wikki, a tsakiyar dajin, kuma ɗakunan aji-aji ne, daga na ɗalibai masu gadaje da yawa har zuwa na manyan baƙi. Kira ofishin gandun ko hukumar yawon buɗe ido ta jihar tun mako biyu kafin tafiya. Ka tambayi abu huɗu: kuɗin ɗaki, sa'o'in da ake ba da wuta, ko na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, da ko motar zagaye tana fita a ranakun da ka zaɓa.

Gargaɗi: hutun Sallah, Kirsimeti, sabuwar shekara da Ista lokutan cunkoso ne. Ɗaki yana wahala, motoci suna bin juna a hanya ɗaya, dabbobi kuma suna ja da baya. In da hali, ka je tsakiyar mako, Talata zuwa Alhamis.

3. Lissafa kuɗi

Farashi yana tafiya da kuɗin mai, saboda haka wanda aka gaya maka bara ba shi ne na bana ba. Abin da ba ya canzawa shi ne jerin wuraren da kuɗin ke fita, kuma mutane da yawa ɗaki kaɗai suke lissafawa. Akwai kuɗin shiga na kowane kai, na babba daban da na yaro, na ɗan ƙasa daban da na baƙo. Akwai kuɗin shigar da mota. Babbar kyamara tana iya jawo nata kuɗin. Sai ɗaki, sai abinci, sai motar zagaye a kowace fita, sai ihsanin da za ka yi wa jagora da direba, wanda ba dole ba ne amma ya dace.

Motar zagaye ita ce ke cin kuɗi in kun yi kaɗan. Mutum biyu da suka ɗauki mota guda za su ji a jikinsu, mutum takwas kuwa kowa ɗan abu zai bayar. In ba ku da yawa, ku nemi a haɗa ku da wasu baƙin, amma ku lura da su wane ne. Ayarin ɗalibai talatin masu waƙa a mota ba abokan neman giwa ba ne.

Gargaɗi: riƙe tsabar kuɗi. Sabis na waya ba shi da ƙarfi a cikin daji, kuma tiransifa ko na'urar POS suna iya ƙin tafiya daidai lokacin da kake buƙata. Ka ciri kuɗinka a Bauchi, ka ɗora kashi ɗaya bisa biyar a kan lissafinka saboda abin da ka iya tasowa. Duk abin da ka biya, karɓi rasit.

4. Haɗa kaya

Tufafi su zama masu launin ƙasa, kakin soja, toka ko koren da ya dushe. Farar shadda tana ƙyalli daga nesa, kuma kafin a dawo ta koma ja saboda ƙura. Baƙi da shuɗi mai duhu kuwa su ne launukan da ke kiran ƙudan tsando, wanda yake da yawa a kurmin bakin kogi, cizonsa kuma yana ratsa yadi mara kauri. Mata masu baƙar abaya ko shuɗin hijabi su tanadi wani mai ruwan ƙasa domin zagaye. Riga mai dogon hannu, wando har idon sawu, takalmi rufaffe da safa. Silifa na bakin Wikki ne kawai. Da hunturu a ɗauki rigar sanyi, domin iskar asuba a buɗaɗɗiyar mota tana shiga ƙashi.

Madubin hangen nesa ya fi kyamara amfani. Mai lamba 8x42 ya wadatar, kuma gara kowane mutum biyu su sami guda, don kafin a miƙa shi daga kujerar gaba zuwa ta baya mazo ya shige kurmi. Waya tana ɗaukar giwa in ta matso, amma gwanki a nesa ɗigo zai fito. Mai son hoton kirki yana buƙatar gilashin kyamara mai kai milimita 300.

Ruwan sha lita uku zuwa huɗu ga kowane mutum a yini, da bazara ma fiye. Sai tocila, batirin cajin waya, man shafawa mai korar sauro, gidan sauro, maganin ciwon kai, filasta, da ƙunshin gishiri da sukari na ORS. In babu na kanti, ana haɗa shi da lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai shan magani kullum ya ɗauki na kwanakin da ƙari.

Turare mai ƙarfi a bar shi a jaka. Giwa ba ta gani sosai, amma hancinta ba ya kuskure.

5. Hanya

Ta Bauchi ake shiga. Mai zuwa daga Kano zai biyo ta Birnin Kudu da Ningi, na Abuja ta Jos, akwai kuma filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga Bauchi ka ɗauki titin Gombe har Dindima, nan za ka karya kudu. Mai fitowa daga Gombe ba sai ya shiga Bauchi ba, zai wuce Alkaleri ya karya a Dindima ɗin. Daga nan kimanin kilomita 29 ne zuwa babbar ƙofa a ƙauyen Mainamaji, sannan wasu kilomita 40 da 'yan kai daga ƙofa zuwa sansanin Wikki. Gaba ɗaya daga Bauchi kilomita 110 ne da ɗoriya, tafiyar awa biyu ko fiye kaɗan.

Cika tanki a Bauchi. Zuwa da dawowa kusan kilomita 230 ne, motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta ci wajen lita 23, ban da abin da za ka ƙona in da motarka za ka yi zagaye. Duba safaya, jak, ruwan lagireto da iskar tayu. Wanda ba shi da mota ya yi shatar tasi daga Bauchi, su yi ciniki har da ranar da direba zai dawo ɗaukarsa. Motar haya tana iya sauke ka kusa da ƙofa, amma ba a barin kowa ya taka kilomita 40 ɗin nan a ƙasa.

Gargaɗi: tafiyar rana kawai. An sha samun rahotannin 'yan bindiga a wasu dazuzzukan yankin Alkaleri, don haka ka tambayi ma'aikatan gandun halin da hanya take ciki kwana ɗaya kafin ka taso. Ka bar Bauchi kafin ƙarfe 11 na safe don ka sami zagayen yamma.

6. Daga ƙofa zuwa sansani

A ƙofa za a rubuta sunanka da lambar mota, ka biya kuɗin shiga. Bindiga, baka, tarko ko kare ba sa wucewa. Da ka shige, kallo ya fara. Rage gudu zuwa kilomita 40 a awa ko ƙasa da haka, domin birai, gada da zabin daji suna tsallaka titi ba sallama. Kada ka tsaya ka fita, ko don fitsari.

A sansani, abokan hamayyarka su ne gwaggon biri. Sun saba da mutane, sun san leda, sun san kula ta abinci, wasu har sun iya murɗa hannun ƙofa. Babban namiji yakan zauna a gindin bishiya kamar ba ruwansa, yana sosa ciki, idonsa na kan but ɗin motarka. Da ka buɗe ka juya baya, ya sure burodi ya haye rufi. Ku sauke kaya mutum biyu, ɗaya yana ɗauka ɗaya yana tsaye. Kulle ɗaki da makulli ko kana ciki, rufe taga, ɗaga gilashin mota.

Gargaɗi: kada a ba yaro biskit ko lemo ya riƙe a waje. Idan biri ya kama abin da ke hannunka, sakar masa, haƙoransa sun kai na kare tsawo. Kada kuma ka ba su abinci da gangan, wannan ne ya lalata su tun farko. Mugun dawa da ke kiwo a durƙushe tsakanin ɗakuna ba ya neman rigima, amma mai 'ya'ya ba a matsa mata.

7. Shirya zagaye

Da ka ajiye kaya, wuce ofishin zagaye ka rubuta suna. Ana fita sau biyu: da sassafe, wajen ƙarfe 7, da kuma bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Kowace fita tana ɗaukar kamar awa biyu. Da tsakar rana dabbobi suna kwance a inuwar kurmi, fita a lokacin asarar mai ce.

Ba a shiga hanyoyin daji sai da jagora daga ma'aikatan gandun, ko da motarka ce. Motar ma sai mai tsayi, mai jan ƙafa huɗu, saboda yashi da kwazazzabai. Ƙaramar mota ta tsaya a sansani. Buɗaɗɗiyar motar gandun ta fi, domin kana sama, kana gani ta kowane gefe.

Yi magana da jagoranka kafin a tashi. Gaishe shi da kyau, sannan ka tambaye shi kai tsaye: "Malam, ina aka ga giwaye jiya? Akwai sabon sawu?" Masu sintiri suna ba juna labari, kuma tun 2014 ƙungiyar WCS mai kare namun daji tana aiki da gwamnatin Bauchi wajen tsaron dajin, har an sa wa wasu giwaye abin wuya mai na'urar nuna inda suke. In ka gaya masa abin da ka fi so, tsuntsaye ne ko giwa, zai san hanyar da zai bi. A yi alwala da bayan gida kafin a hau, don ba a sauka a hanya.

8. Yadda ake kallo

Waya a kashe mata ƙara. Magana sai da raɗa. In ka hango wani abu, taɓa kafaɗar jagora ka nuna a hankali, kada ka miƙe tsaye kana ihu. Dabbobin sun saba da siffar mota, amma da mutum ya miƙe ko ya fito da rabin jikinsa, sai su gane shi su watse.

Sabon zuwa yana neman dabba sukutum, shi ya sa ba ya ganin komai. Nemi yanki: kunne da ya motsa, wutsiya tana korar ƙuda, layin baya a kwance cikin itatuwan da ke tsaye. Duba cikin inuwa, gindin marke da kawo, ba fili ba. Gwambaza tana tsayawa kusa da ruwa. Mazo yana bakin kurmi, ja mai fararen zane, shi kaɗai. Gwanki da kanki sun fi son fili mai itatuwa jefi-jefi. Balbela ta taru a wuri ɗaya cikin fadama alama ce ta ɓauna. A bakin Gaji abin da ka ɗauka gungume ne yana iya zama kada.

Ƙasa ma tana magana. Kashin giwa mai danshi da ƙudaje a kai yana nufin ba su yi nisa ba, busasshe wanda ya farfashe kuwa na kwanaki ne. Reshen da aka karya ɓawonsa yana fari, sawu mai faɗin faranti a kan yashi wanda iska ba ta share gefensa ba, duk jagora yana karanta su. In ya ce a kashe mota a jira a mashaya, a jira. Minti ashirin na shiru a wuri mai kyau ya fi awa guda ana zarya.

Zaki akwai shi, amma kaɗan ne ƙwarai, kuma da dare yake yawo. Wanda ya ji rurinsa daga ɗaki ya yi sa'a. Tsuntsaye kuwa sun haura iri 350, daga burtu mai tafiya a ƙasa kamar dattijo har cilakowa da fakara, kuma su ba sa ba mutum kunya ko a ranar da manyan dabbobi suka ɓuya.

9. In an yi kiciɓis da giwa

Giwayen Yankari suna cikin garkunan ƙarshe da suka rage a Najeriya, kuma sun sha wuya a hannun mafarauta, saboda haka ba su da sakin jiki da mutum. A bar aƙalla mita 50 tsakani. Direba ya tsaya ta yadda zai iya ficewa ba sai ya yi ribas mai tsawo ba, kuma kada mota ta raba uwa da ɗanta ko ta tare hanyar da garke ke bi zuwa ruwa.

Giwa mai kaɗa kunne a hankali tana ci gaba da cin ganye fifita take yi. Wadda ta daina ci, ta ɗaga kai, ta baza kunnuwa ta riƙe su a buɗe, tana girgiza kai ko tana watsa ƙasa, gargaɗi take yi, a ja baya sannu a hankali. Namijin da ruwa ke tsiyaya daga gefen kansa, tsakanin ido da kunne, yana ɗigar da fitsari a ƙafafunsa, yana cikin lokacin zafin kai, shi ba a tsaya masa ma. Kada a yi ham, kada a kunna fitilar kyamara, kada kowa ya yi tsalle ya gudu. Umarnin jagora ne kawai ke aiki a wannan lokacin.

Tsohon ɓauna da ke shi kaɗai ya fi garke haɗari. Dorina kuma, in an same ta a tudu, ba a shiga tsakaninta da ruwa.

10. Wanka a Wikki

Tsakar rana lokacin Wikki ne. Matakala ce ke gangarawa daga sansani zuwa inda ruwan ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, garau, har kana ganin farin yashin ƙasa. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, kuma yana fitar da kimanin lita miliyan 21 a kullum. Kusa da dutsen zurfinsa ya kusa mita biyu, yana raguwa in an gangara. Wanda bai iya iyo ba da yara su tsaya ta ƙasa, babba yana riƙe da su. Ba a shiga da sabulu, domin ruwan nan ne dabbobi ke sha a Gaji. Iyalin da ke son sutura su je da sassafe bayan motocin zagaye sun fita, lokacin wurin ya fi zama wayam. A bar mutum ɗaya a bakin kaya saboda birai.

In akwai sauran lokaci, a ce wa jagora ya haɗa da kogunan Marshall, ɗakuna 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, ko rijiyoyin Dukkey. Akwai kuma ɗan gidan tarihi a sansani mai fatu, haure da tarkunan da aka ƙwace.

11. Dare da lafiya

Bayan magariba kada a fita ba tocila da rufaffen takalmi, kuma a zazzage takalmin da safe saboda kunama. Yankin yana da kububuwa da kasa. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a sanar da ma'aikata, a ɗauke shi a mota zuwa asibiti nan take. Akwai babban asibiti a Alkaleri, da asibitin koyarwa a Bauchi, kuma asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya shahara da maganin sarar maciji.

Ciwon kai, jiri da fitsari mai duhu bayan zagaye alamar ƙarancin ruwa ne a jiki: inuwa, ORS, hutu. Bayan an koma gida, duk wanda zazzaɓi ya kama cikin mako biyu zuwa huɗu ya je a gwada jininsa, ya kuma gaya wa likita cewa ya kwana a daji kuma ƙudan tsando ya cije shi, in ya cije shin.